Gadoji Bakwai Na Königsberg Da Lissafin Ɗigo Da Layi

A tsohon birnin Königsberg da ke ƙasar Furusiya, kogin Pregel ya ratsa gari ya raba shi gida huɗu. Akwai gaɓar arewa da gaɓar kudu, akwai tsibirin Kneiphof a tsakiya, sai wani yanki daga gabas wanda rassan kogin biyu suka sa a tsaka. Gadoji bakwai ne suka haɗa waɗannan yankuna. Mutanen garin sukan fita shan iska su bi ta kansu, har wata tambaya ta zama abin musu a tsakaninsu: shin mutum zai iya yin tafiya ɗaya ya haye kowace gada sau ɗaya tak, bai tsallake ko guda ba, bai kuma maimaita ko guda ba? An gwada an sake gwadawa, ba wanda ya iya. Sai dai rashin iyawar mutum dubu bai nuna cewa abu ba ya yiwuwa ba, don ana iya cewa hanyar tana nan, ba a dace da ita ba ne kawai.

Tambayar ta kai kunnen Leonhard Euler, wani masanin lissafi haifaffen birnin Basel na ƙasar Siwizalan, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar kimiyya ta birnin Santa Fitasbag a Rasha. Ana furta sunan nasa Oila. Shekararsa 28 lokacin da ya gabatar da amsa a gaban cibiyar, a watan Agustan 1735. Takardar tana ɗauke da shekarar 1736, amma ba ta fito daga maɗaba'a ba sai 1741. Shi kansa da farko bai ɗauki batun da wani nauyi ba. A wasiƙar da ya aika wa Carl Ehler, wanda daga baya ya zama magajin garin Danzig, ya nuna cewa bai ga wata alaƙa mai ƙarfi tsakanin tambayar da lissafi ba, tunda hankali kawai take buƙata. A yau wannan takarda ce ake ƙirgawa a matsayin mafarin wani babban fanni da ɗaliban lissafi da na kwamfuta ke karantawa a jami'o'in duniya.

Dabarar Euler ita ce zubar da duk abin da bai shafi tambayar ba. Tsawon gada bai da amfani a nan, faɗin kogi ma haka, girman tsibiri ma haka. Abin da ya rage shi ne wane yanki ke haɗe da wane, kuma ta gadoji nawa. Ya ba kowane yanki babban harafi, kowace gada ƙaramin harafi, ya yi lissafinsa da haruffa. Waɗanda suka zo bayansa ne suka mayar da abin zane: ɗigo a madadin yanki, layi a madadin gada. Irin wannan zane na ɗigo da layi shi masana ke kira giraf, kalmar da James Sylvester ya fara amfani da ita da wannan ma'ana a 1878. Ba shi ne giraf ɗin da ake koya a sakandare ba, mai nuna hawa da saukar farashi ko yawan ruwan sama. Wannan ba ruwansa da awo. Ana iya lanƙwasa layin, a ja shi, a matsar da ɗigon, muddin ba a tsinke wata mahaɗa ba, zanen yana nan yadda yake.

Ga yadda hujjar take, kuma duk mai karatu zai iya bin ta ba tare da ya taɓa shiga ajin lissafi ba. Matafiyin da ya shiga wani yanki ta gada ɗaya dole ya fita ta wata, tunda an hana shi maimaitawa. Shiga da fita, gadoji biyu ke nan. In ya sake dawowa yankin, wasu biyun ne. Saboda haka duk yankin da ake ratsawa a wuce, dole yawan gadojinsa ya zama shafa'i, wato adadin da ke rabuwa biyu daidai, kamar 2 ko 4 ko 6. Wurare biyu ne kaɗai aka yarda su zama wutiri, wato adadin da ke barin ɗaya a ware, kamar 1 ko 3 ko 5: inda aka fara tafiya, don an fita ba tare da an shigo ba, da inda aka ƙare, don an shiga ba a fita ba. To, a Königsberg tsibirin Kneiphof yana da gadoji 5, sauran yankuna ukun kowanne yana da 3. Yankuna huɗu, duka wutiri. Tafiya kuwa mafari ɗaya gare ta da ƙarshe ɗaya. Don haka ba za ta yiwu ba, ko da mutanen garin za su shekara dubu suna gwadawa.

Abin da ya sa wannan hujja ta yi kyau shi ne ba ta tsaya a kan gari ɗaya ba. A kawo kowane gari, da kowane adadin gadoji, ƙirga kawai za a yi. In babu yanki mai wutiri, ana iya zagayawa a dawo inda aka fara. In akwai guda biyu, ana iya tafiyar, amma sai an fara daga ɗaya an ƙare a ɗayan. In sun wuce biyu, a haƙura. Euler ya tabbatar da ɓangaren da ke cewa ba ta yiwuwa. Ɗaya ɓangaren, mai cewa in sharaɗin ya cika lallai akwai hanya, ya faɗe shi ne bai kawo cikakkiyar hujja ba. Wani matashin Bajamushe, Carl Hierholzer, shi ya cike giɓin, aka buga aikinsa a 1873, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Yara 'yan makaranta sun san wannan wasa ko da ba su san sunansa ba. A zana murabba'i, a ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su gitta a tsakiya, a ce wa yaro ya bi zanen duka bai ɗaga alƙalami ba, bai kuma bi layi sau biyu ba. Zai cinye takarda bai iya ba, domin kusurwoyi huɗun kowace layi 3 ne suka haɗu a kanta. Amma a ɗora wa murabba'in jinka kamar ɗaki, sai kusurwoyin sama biyu su koma 4, na ƙasa biyu kaɗai su rage a 3. Yanzu abin ya yiwu, da sharaɗin a fara daga kusurwar ƙasa. Haka kuma zanen dagi da ake gani a jikin babbar riga da bangon gidajen sarauta: a duk inda zare ya gitta zare, layi huɗu ne suka haɗu. Huɗu shafa'i ne, don haka dagi, komai sarƙaƙiyarsa, muddin a haɗe yake, ana iya bin sa da alƙalami a tafiya ɗaya a dawo mafari, in an yarda mai zane ya karya kwana a mahaɗa.

Wannan fanni reshe ne na abin da ake kira lissafin ɗaiɗaikun abubuwa. Bahaushe ya daɗe da bambanta abin da ake aunawa da abin da ake ƙirgawa. Ruwa da mai da yadi aunawa ake yi, kuma tsakanin kowane awo biyu akwai wani awon. Shanu da gidaje da mutane kuwa ƙirgawa ake yi, babu rabin mutum tsakanin mutum uku da mutum huɗu. Lissafin da aka fi sani a jami'a, wanda ke bin gudun mota da kwararar ruwa, na abin aunawa ne. Wannan kuma na abin ƙirgawa ne: hanyoyi nawa za a iya jera abubuwa, wa ke haɗe da wa, wace magana ke biyo bayan wace. Da kwamfuta ta zo, sai darajarsa ta ɗaga, domin kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, kuma mataki-mataki take aiki.

Darasin farko da ɗalibi ke cin karo da shi yana da sauƙin faɗa a wurin ɗaurin aure. Jama'a sun taru, ana ta musabaha. A tambayi kowa mutum nawa ya ba hannu, a haɗa amsoshin duka. Jimillar dole ta zama shafa'i, saboda kowace musabaha mutum biyu ne suka ƙirga ta. Daga nan sai wata gaskiya ta fito: yawan mutanen da suka yi musabaha sau wutiri, shi ma dole shafa'i ne. Ba za a taɓa samun taron da mutum uku kacal, ko biyar kacal, suka yi musabaha sau wutiri ba. Shi ya sa a ƙa'idar gadoji ba a ambaci garin da ke da yanki mai wutiri guda ɗaya ba. Irin wannan gari babu shi. Da irin wannan ƙirga ake sanin cewa gasar ƙwallon ƙafa mai ƙungiyoyi 20, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasanni 380 ne, wato 20 sau 19, kamar yadda ake yi a Firimiyar Ingila.

Akwai wata tambaya da ta fi ta gadoji taurin kai nesa ba kusa ba. A 1852 wani matashi mai suna Francis Guthrie yana shafa wa taswirar gundumomin Ingila launi, sai ya lura launi huɗu sun ishe shi, ba tare da gundumomi biyu masu iyaka da juna sun samu launi ɗaya ba. Ya yi tambaya: shin haka abin yake a kowace taswira? Ɗan'uwansa ya kai tambayar wurin malaminsa, Augustus De Morgan, a Landan. De Morgan bai iya amsawa ba.

Cewa launi uku ba sa isa, wannan taswirar Jamhuriyar Nijar ta isa shaida. Nijar tana da maƙwabta bakwai, kuma sun yi mata zobe: Aljeriya na iyaka da Libiya, Libiya da Cadi, Cadi da Nijeriya ta wajen Tafkin Cadi, Nijeriya da Benin, Benin da Burkina Faso, Burkina Faso da Mali, Mali kuma ta dawo ta haɗu da Aljeriya. A ba Nijar kore. Babu maƙwabcin da zai ƙara ɗaukar kore. A gwada ja da shuɗi a kan zoben: Aljeriya ja, Libiya shuɗi, Cadi ja, Nijeriya shuɗi, Benin ja, Burkina Faso shuɗi, to Mali fa? Ba za ta ɗauki shuɗi ba saboda Burkina Faso, ba za ta ɗauki ja ba saboda Aljeriya, ba za ta ɗauki kore ba saboda Nijar. Dole a ɗauko launi na huɗu. Bakwai wutiri ne, shi ya jawo haka. Da maƙwabtan shida ne ko takwas, da uku sun wadatar a wannan yanki.

Nuna cewa ba za a taɓa buƙatar launi na biyar ba, wannan shi ne ya ci shekara 124. A 1879 wani lauya ɗan Ingila, Alfred Kempe, ya buga hujja, masana suka karɓa suka yaba masa. Shekara goma sha ɗaya ana ganin an rufe babin, sai a 1890 Percy Heawood ya gano kuskure a cikinta. Heawood ya ceto abin da zai cetu, ya tabbatar da cewa launi biyar dai sun isa kowace taswira. Huɗu kuma suka koma tambaya. Sai a 1976 Kenneth Appel da Wolfgang Haken na Jami'ar Illinois a Amurka suka rage matsalar zuwa siffofi 1,936, suka sa kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ci fiye da awa 1,000. Masana da yawa ransu bai kwanta ba, domin babu ɗan Adam ɗin da zai iya zama ya bi hujjar da hannunsa daga farko zuwa ƙarshe. An ci gaba da musu har wasu suka sake yin aikin ta hanya mafi sauƙi a shekarun 1990, sannan a 2005 Georges Gonthier ya sa wata manhajar tantance hujja ta bi kowane mataki ta tabbatar.

Labarin Kempe shi ne abin da ya fi cancanta ɗalibi ya riƙe daga wannan babi. Mutumin ba maƙaryaci ba ne, kuma dabarar da ya ƙirƙiro tana cikin abin da Appel da Haken suka yi amfani da shi daga baya. Wuri ɗaya ne ya ɗauka cewa abu a bayyane yake, alhali ba haka ba ne. Ɗaliban da suka saba da lissafin saka lambobi a ƙa'ida su samu amsa sukan sha wuya a wannan darasi, domin a nan ba amsa ake nema ba, dalili ake nema. Misali ɗari da suka yi daidai ba su zama hujja ba, amma misali ɗaya da ya saɓa ya isa ya rushe magana. Wannan tarbiyya ta hankali ta fi kowace ƙa'ida da ke cikin littafi amfani, kuma tana bin mutum ko ya bar lissafi ya koma shari'a ko aikin jarida.

Shafa launi ba ga masu taswira kaɗai yake da amfani ba. Jami'in da ke tsara jadawalin jarrabawa a jami'a wannan matsalar yake fama da ita. Kowane kwas ɗigo ne. In akwai ɗalibi ko ɗaya da ke ɗaukar kwasa-kwasai biyu, sai a ja layi tsakaninsu. Launi shi ne lokacin jarrabawa, kuma ɗigo biyu masu layi a tsakaninsu ba za su ɗauki launi ɗaya ba. Sai dai a nan ba lallai huɗu su isa ba, saboda layukan suna gitta juna yadda iyakokin ƙasashe ba sa yi. Haka ake raba wa turakun wayar salula zangon da za su yi aiki da shi, don kada maƙwabta su shiga muryar juna.

Wanda ya taɓa buɗe taswira a wayarsa ya nemi hanya daga Kano zuwa Abuja, ya ci moriyar wani aiki da aka yi a wurin shan gahawa a birnin Amsterdam a 1956. Edsger Dijkstra, matashin mai tsara manhaja ɗan ƙasar Holan, ya fita sayayya da wadda zai aura, suka gaji suka zauna. Yana neman misalin da zai nuna wa jama'a ƙarfin wata sabuwar kwamfuta mai suna ARMAC, sai ya zaɓi tambayar da kowa zai gane: wace ce hanya mafi gajarta daga Rotterdam zuwa Groningen? Kamar yadda ya ba da labari daga baya, cikin minti ashirin ya tsara dabarar a kansa, ba takarda ba alƙalami. Ya gwada ta a kan taswira mai garuruwa 64, aka buga ta a 1959. Yadda take aiki kamar ruwa ne da aka saki a fadama. A fara daga inda ake tsaye, a rubuta sifili. A duba garuruwan da ke kusa, a rubuta nisan kowanne. A ɗauki mafi kusa cikinsu, a tabbatar da nisansa, domin babu wata hanyar zagaye da za ta fi wannan gajarta. Daga shi a duba nasa maƙwabtan, in an samu hanya mafi sauƙi zuwa wani gari sai a goge tsohuwar lamba a sa sabuwa. Haka za a yi ta faɗaɗawa har ruwan ya iso inda ake nufi. In aka sa minti a madadin kilomita, sai ta ba da hanya mafi sauri. Na'urorin da ke tura saƙonni a intanet ma suna amfani da ita wajen zaɓar inda za su bi.

Tun kafin Dijkstra, a 1926, Otakar Borůvka ya warware wata matsala ta masu jan wayar lantarki a yankin Morabiya da ke ƙasar Cek ta yau: yadda za a haɗa garuruwa duka da mafi ƙarancin waya. Amsar kullum zane ne mara zagaye, wanda masana ke kira bishiya, kuma layukansa suna gaza ɗigoginsa da ɗaya. Garuruwa 50, layi 49. Bishiya tana da arha, amma tana da rauni, domin layi ɗaya in ya tsinke, duk wanda ke bayansa ya shiga duhu. Injiniyan da ke son wuta ta tsaya sai ya kashe kuɗi ya ƙara layukan da za su yi zagaye. Salsalar dangi ma bishiya ake kiranta, amma a gidan da ake auren zumunci ba ta cika zama bishiya ba a idon masanin lissafi, domin ɗan wa ya auri 'yar ƙane, rassa biyu sun sake haɗuwa, zagaye ya samu.

A 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas ta hanyar wani matafiyi daga Laberiya a watan Yuli, ma'aikatan lafiya sun bi sawun mutum 894 da suka yi hulɗa da masu cutar. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta kuɓuta. Jerin da ma'aikatan suka riƙa rubutawa, na wa ya taɓa wa, zanen ɗigo da layi ne, kuma killace mutum tsinke layi ne kafin cutar ta bi ta kansa. Da irin wannan ido Larry Page da Sergey Brin suka kalli shafukan intanet a 1998 suka kafa Google: shafi ɗigo ne, mahaɗi layi ne, kuma shafin da manyan shafuka ke nunawa shi ke hawa sama.

Wanda ya ga sauƙin ƙa'idar Euler zai ɗauka cewa sauran tambayoyin ma haka suke. A nan ne fannin ke ba da mamaki. Euler ya nemi a bi kowane layi sau ɗaya. A sauya kalma guda, a ce a ziyarci kowane ɗigo sau ɗaya a dawo gida, sai ƙasa ta tsage. William Rowan Hamilton, masanin lissafi ɗan Ayalan, ya mayar da wannan tambaya abin wasa a 1857, mai garuruwa 20, har ya sayar wa wani mai sayar da kayan wasa a kan fam 25. Har yau babu wata gajeriyar ƙa'ida irin ta ƙirga wutiri da za ta faɗa ko irin wannan zagaye yana nan a kowane zane.

Ƙanwar wannan tambaya ita ce matsalar ɗan kasuwa mai yawo, wanda Bahaushe zai kira farke ko ɗan koli. Yana da garuruwan da zai kai kaya, yana son ya shiga kowanne sau ɗaya ya dawo gida ta hanya mafi gajarta. In garuruwan 5 ne har da nasa, zagaye 12 ne zai gwada. In 10 ne, 181,440. In 20 ne, kwamfutar da ke duba zagaye biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta kusa shekara biyu tana aiki. A ƙara biyar kacal su zama 25, sai ta buƙaci kusan shekara miliyan goma. Mai son zagaya manyan biranen jihohin Nijeriya 36 da Abuja yana gaban adadi mai lambobi 42 a jere. Masana ba su zauna suna ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba, sun samo dabarun yanke rassa marasa amfani. A 1954 George Dantzig da abokan aikinsa biyu sun warware ta ga birane 49 na Amurka, kuma a 2006 wata tawaga ta warware mai ɗigo 85,900. Amma dabarar da za ta yi sauri a kowane hali, ba a samu ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ita ba. Wannan tambaya tana cikin guda bakwai da Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa wa ladan dala miliyan ɗaya kowace a shekarar 2000, kuma ladan wannan yana nan ba a karɓa ba. Kamfanonin rarraba kaya ba sa jira, suna amfani da dabarun da ke ba da hanya mai kyau ƙwarai ko da ba ita ce mafi kyau ba.

Mai kwashe shara da mai raba wasiƙa sun fi farke sa'a, domin su tituna suke bi, ba garuruwa ba, matsalarsu ta Euler ce. A farkon shekarun 1960 wani malamin lissafi ɗan ƙasar Sin, Guan Meigu, ya yi nazarin abin da ya kamata a yi in unguwa tana da mahaɗai masu wutiri da yawa: a haɗa su biyu-biyu ta gajerun hanyoyi, waɗannan titunan kaɗai za a maimaita.

Königsberg kanta ta sauya. An yi mata ruwan bama-bamai a 1944, ta koma hannun Tarayyar Sobiyet bayan yaƙi, aka sa mata suna Kaliningrad a 1946. Biyu daga gadojin sun tafi a yaƙin. A wuraren da bakwai ɗin suke a da, biyar ne ke tsaye yanzu, kuma in aka tsaya a kansu, yankuna biyu suna da gada 2, biyu suna da 3. Tafiyar da ta gagari mutanen da yanzu ta yiwu, in an fara daga tsibirin Kneiphof an ƙare a yankin gabas, ko akasin haka.

A shekarun da Euler ke wannan aiki, akwai wani malami daga Katsina da ke zaune a ƙasashen Larabawa yana fama da wani reshe na wannan lissafi. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya tafi aikin hajji wajen 1730, kuma a 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, wato murabba'in da ake jera lambobi a cikinsa yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimilla ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku, wanda ake jera 1 zuwa 9 a cikinsa, kowane layi ya ba da 15. Malamin ya bayyana hanyoyin gina waɗanda yawan gidajen gefensu wutiri ne, mataki bayan mataki, irin abin da masu kwamfuta a yau za su gane da ganin farko. Ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya rasu a can a 1741, shekarar da takardar gadoji ta fito. Hatimi ba ƙaramin lissafi ba ne. Mai gida uku-uku iri ɗaya ne tak in ba a ƙirga juyawa ba, mai huɗu-huɗu iri 880 ne, mai biyar-biyar kuwa 275,305,224, adadin da sai a 1973 kwamfuta ta ƙirga shi. Euler ma ya yi rubutu a kan irin waɗannan murabba'ai a ƙarshen rayuwarsa.

Wannan fanni ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko na'ura mai tsada. Allo da alli sun isa, ƙasa da tsinke ma sun isa. Malaman da ke koyar da shi a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna da taswirar Nijar da za su buɗe darasin launi da ita, suna da dagi da za su buɗe darasin Euler da shi, suna kuma da al-Kashinawi, wanda ya cancanci a karanta hanyoyinsa a aji, a sa ɗalibai su rubuta su da harshen kwamfuta, su kuma kawo hujjar da ta sa suke aiki. Malaman sakandare ma kada su jira sai yara sun shiga jami'a. A zana musu gadoji bakwai a allo, a bar su su yi musu har su gaji, sannan a ce su ƙirga.